Ginin Sama a Kan Baƙar Lakar Nilu

Duk ginin da aka tayar tsakanin Sinnar da Khartum, na ƙasa ne ko na kankare, da baƙar laka yake fara kokawa. Ƙasar Jazira, wadda ta shimfiɗu tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, laka ce da kan sha ruwa ta kumbura da damina, in rani ya yi ta tsuke ta dare har hannun mutum ya shige cikin tsagar. Ita ce ta yi wa auduga albarka, ita ce kuma ke ɗaga bango ta sauke shi kowace shekara har ya tsage daga tushe zuwa kan taga.

Hausawa sun daɗe da sanin wannan ƙasa ta hanyar zuwa Makka, amma zamansu ya yi ƙarfi ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. Ginin da ya zauna a ƙauyukan yankin gajere ne: ɗaki mai jinka, ko bangon jalus da ake ɗora laka sahu-sahu, a bar kowane sahu ya sha iska kafin a ƙara wani, sannan a shafe shi da zibala don kare shi daga ruwa. Gajartar nan dabara ce. Gini marar nauyi yakan bi motsin ƙasa, in ya tsage a cike shi da hannu kafin ruwan farko.

Wani babban ginin injiniyoyi da ya zo yankin shi ne madatsar ruwan Sinnar, wadda aka kammala a 1925 don shayar da gonakin Jazira, inda dubban 'yan Afirka ta Yamma suka samu aikin ƙwadago. Tsawonta ya kai kilomita 3, tsayinta kusan mita 40. Da duwatsu aka gina tsakiyarta, nauyinta ne ke tare ruwan, kuma sai da aka haƙa har aka taɓa dutse kafin a aza tushe. Injiniyoyin Sudan sun riƙe wannan ƙa'ida a gine-ginen siminti na Wad Madani da sauran garuruwa: ko dai a kwashe lakar a zuba yashi da tsakuwa, ko a huda ramuka masu zurfi a zuba kankare da rodi, su zama turaku da suka wuce inda danshi ke hawa da sauka, sannan a ɗage daɓen ɗaki ya bar ƙasa, ta kumbura ba tare da ta taɓa shi ba.

Dogayen benaye sai da kuɗin man fetur suka zo. Sudan ta fara fitar da mai a 1999, kuma cikin shekara goma sha ɗaya fuskar Khartum ta sauya. Burj al-Fateh da Libiya ta ba da kuɗin gininsa ya buɗe a 2008. A 2009 aka gama hasumiyar hukumar sadarwa ta ƙasa, NTC, mai hawa 29 da tsayi fiye da mita 100, wadda aka liƙa wa faifan tara hasken rana a jiki. A 2010 aka kammala hedikwatar kamfanin mai na Greater Nile a Mugran, inda kogunan biyu suke haɗuwa. A lokacin, kamfanin haɗin gwiwa ne na CNPC ta Sin, Petronas ta Malesiya, ONGC ta Indiya da Sudapet ta gida, kuma kamfanin KEO ne ya zana ginin mai hawa 18, kewayayye, sanye da gilashi.

A ma'aunin duniya waɗannan ƙanana ne, domin sai gini ya kai mita 300 ake sa shi a sahun mafiya tsayi. Burj Khalifa ta Dubai mita 828 ce, hasumiyar sabon babban birnin Masar kuma ta haura mita 380. Amma tsarin irin waɗannan benaye ɗaya ne. A ƙasa akwai turakun kankare da ke ratsa yashi da lakar kogi su kai nauyin inda ƙasa ta yi tauri. A tsakiya akwai cibiya mai kaurin bango, wadda ke ɗauke da matakala da lif, ita ce kuma ke hana ginin karkata in iska ta buge shi, kamar guguwar habub mai tafe da ƙura a farkon damina. Ginshiƙai na kewaye suna ɗaukar daɓen kowane hawa. Gilashin waje ba ya ɗaukar komai, rataye shi kawai ake yi.

A nan ne zaɓin gilashi ya fi rauni. A birnin da zafi kan haura digiri 40, bangon gilashi yakan tara zafi a ciki, sai ginin ya dogara kacokan ga na'urar sanyaya iska, da famfon da ke tura ruwa sama, da wutar lantarki marar yankewa. Kaurin bangon jalus ya warware matsalar zafi ba tare da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Yaƙin da ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023 ya katse wannan zamani. A watan Satumban shekarar wuta ta cinye hasumiyar Greater Nile, gilashinta ya zube, ƙashin ginin ya tsaya baƙi ƙirin. Tsayuwarsa ba ta nufin lafiyarsa, domin ƙarfe kan rasa kusan rabin ƙarfinsa in zafi ya kai digiri 600, kankare kuma ya ɓamɓare ya bar rodi a waje. Kafin a yanke hukuncin gyara ko rushe irin wannan gini, sai an huda ginshiƙai an ciro samfurin kankare hawa-hawa, an gwada rodin, an kuma auna ko cibiyar ta goce daga miƙewarta.