Madatsar Kainji da Garuruwan da Suka Cika a Bakin Tafkinta

A shekarar 1964 gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta fara gina madatsar ruwa a kan Kogin Kwara, a tsibirin Kainji, da rancen Bankin Duniya, aka kuma damƙa aikin ga kamfanin Impregilo na ƙasar Italiya, wanda ya kammala shi a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasar Nijeriya. Manufar ita ce samar da lantarki ta hanyar tare kogin a sako ruwansa da ƙarfi ya juya manyan injuna, waɗanda aka yi wa gurbi goma sha biyu amma takwas aka girka, masu ba da megawat 760. Ruwan da aka tare ya koma baya ya zama tafki mai tsawon kilomita fiye da 130, wanda ya haura har ƙasar Yawuri, ya shanye tsohon garin Busa da tsibirai masu yawa, ya kuma tashi mutane kimanin 44,000 daga mazauninsu.

Injiniyoyin sun san kogin sani na haƙiƙa, domin sun auna cikowarsa biyu na kowace shekara: farin ruwa, wanda damina ke kawowa daga ƙasashen da ke kusa, da baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga tsaunukan Gini ya iso da hunturu bayan ya zubar da lakarsa a hanya. Abin da ba su auna da irin wannan kulawa ba shi ne rayuwar da aka gina a kan wannan cikowa. Gungawa, wato mazauna gungu ko tsibiri, waɗanda ke kiran kansu Reshe, sun shahara da noman albasa a bakin ruwa, inda suke ɗiban ruwa da ƙwarya suna shayar da fangali ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi an kwashe da yawansu zuwa tudu, inda ƙasa da lokacin shuka suka saɓa wa abin da suka gada. Haka Shangawa da Kambari da Lopawa suka rasa fadamunsu.

Gidajen da aka gina musu, bisa zanen wani maginin Ingila mai suna Robin Atkinson, na bulon siminti ne da rufin asbesto mai lanƙwasa, kuma ko da yake sun burge masana gini, ba gidaje ba ne da magidanci zai iya yaɓe su da kansa in sun tsage, ko ya ƙara ɗaki cikin sauƙi in ɗansa ya yi aure. Wannan kuskure ne babba, domin gidan ƙasa yana girma tare da iyali, shi ya sa mutane suka riƙa kewaye sababbin gidajen da ɗakunan laka da rumbuna.

Tafkin ya jawo baƙi. A shekarun farko kifi ya yi yawa ƙwarai, saboda ciyayi da itatuwan da ruwa ya binne sun zama abincinsa, sai Sarkawa da sauran masunta suka yi ta kwararowa, ’yan kasuwa suka biyo su, Yelwa ta bunƙasa ta zama babbar kasuwar kifi da albasa, Wara kuma, a ƙasar Ngaski, ta zama tashar jiragen ruwa. Daga baya kamun ya ragu, amma jama’ar ba ta ragu ba, kuma garuruwan sun cika ba tare da famfo da magudanai da asibitoci sun bi yawan mutanen ba. Ruwan da ke kwance ya dace da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini, wadda ta fi kama yaran da ke wanka a gaɓa. Abin da ya fi ciwo shi ne ƙauyuka da yawa na bakin tafkin sun shafe shekaru cikin duhu, alhali wutar da aka tashe su dominta tana haskaka birane masu nisa, har da Yamai ta Jamhuriyar Nijar.

Hanyoyin ƙafa da ruwa ya cinye ma ba a maye gurbinsu da gadoji ba, sai kwalekwale ya zama motar talaka, a tafkin da kututturan itatuwa ke ɓoye a ƙarƙashinsa. A watan Mayun 2021 wani jirgi da aka yi wa lodi fiye da kima, ɗauke da mutane sama da 150, ya nutse kusa da Wara, ’yan kaɗan ne aka ceto. Hukumar HYPPADEC, wadda aka ɗora wa alhakin raya yankunan da ke samar da lantarkin ruwa, dokarta ta fito ne a 2010, shekara arba’in da biyu bayan cikar tafkin, kuma sai da aka ƙara kusan shekara goma kafin ta fara aiki.