Katin hoto ɗaya ko biyu: wanne ya fi riba ga mai wasan kwamfuta?

Duk wanda ya tashi haɗa kwamfutar wasa, katin hoto ne ke cinye kaso mafi tsoka na kuɗin da ya tanada. Shi ne ɓangaren da ke zana duk abin da ido ke gani a allo, kuma ƙarfinsa ne ke nuna ko wasa zai tafi sumul ko zai riƙa tsaitsayawa. Saboda tsadarsa, masu saye sun shafe kusan shekara ashirin suna muhawara a kan tambaya guda: shin a sayi kati ɗaya mai ƙarfi, ko kuwa a haɗa matsakaita biyu su yi aikin tare?

A yau amsar ta fito fili. Ga wanda wasa ne kawai a gabansa, kati ɗaya ya fi riba, har kamfanonin da suka ƙirƙiro dabarar haɗa biyu sun daina tallafa mata. Sai dai har yanzu tsofaffin katuna na yawo a kasuwannin kayan hannu da araha, kuma akan kwaɗaitar da mai saye da cewa biyu sun fi ɗaya. Sanin yadda dabarar take aiki da dalilin mutuwarta zai iya tsare mutum daga asara.

Asalin dabarar

Kamfanin 3dfx na Amurka ne ya fara kawo wa masu wasa wannan tsari a 1998, da katinsa mai suna Voodoo2. Akan saka guda biyu a kwamfuta ɗaya a haɗa su da waya, sai ɗaya ya zana layi na farko na hoton, ɗayan ya zana na biyu, haka dai har ƙasan allo. Sunan tsarin SLI. Ribarsa a wancan lokaci a bayyane take, domin kati ɗaya kan tsaya ne a hoto mai ɗigo 800 a faɗi da 600 a tsaye, biyu kuwa su kai 1024 da 768.

Kamfanin 3dfx ya durƙushe, Nvidia ta sayi kadarorinsa a ƙarshen 2000, sannan a 2004 ta farfaɗo da sunan SLI da sabuwar fasaha a jerin katunanta na GeForce 6. Abokiyar hamayyarta ATI ta ƙasar Kanada ta mayar da martani a 2005 da nata tsarin mai suna CrossFire, wanda AMD ta gada bayan ta sayi ATI a 2006. Daga nan gasa ta yi zafi, har aka kai ga kwamfutoci masu kati uku da huɗu. An kuma fitar da katunan da ke ɗauke da ƙwaƙwalwar zane biyu a jiki ɗaya, irin su GeForce GTX 690 na 2012 a kan dala 999, da Radeon R9 295X2 na 2014 a kan dala 1,499, da Titan Z na wannan shekarar a kan dala 2,999.

Yadda katunan ke raba aiki

Motsin da ake gani a wasa jerin hotuna ne da ake zanawa ɗaya bayan ɗaya cikin sauri. Yawancin masu wasa kan nemi hoto 60 a kowace daƙiƙa ko fiye. Hanyar da aka fi bi wajen raba wannan aiki tsakanin kati biyu ita ce ta karɓa-karɓa: na farko ya zana hoto na ɗaya, na biyu ya zana hoto na biyu, na farko ya koma kan na uku. Akwai wata hanyar da ake raba kowane hoto gida biyu, kowane kati ya ɗauki rabi, amma ba ta cika ba da ƙarin sauri kamar ta farkon ba, domin sau da yawa rabi ɗaya ya fi ɗayan wahalar zanawa.

A lissafin takarda, kati biyu ya kamata su ninka sauri. A aikace kuwa hakan bai cika faruwa ba. Wasu wasannin kan kusanci ninki, wasu su ƙaru da ɗan kaɗan, wasu kuma su yi watsi da kati na biyu gaba ɗaya. A wasu lokutan ma haɗin kan jawo ƙyafƙyaftawar hoto, har sai mutum ya kashe kati ɗaya kafin wasan ya daidaita.

Manyan matsaloli uku

Ta farko ita ce ma'adanar kati, wato wurin da yake ajiye zane-zanen da wasa ke buƙata. Tun da kowane kati cikakken hoto yake zanawa, dole ne kowannensu ya riƙe kwafin bayanai iri ɗaya. Saboda haka kati biyu masu gigabait 4 ba sa zama gigabait 8, suna nan a 4. Wanda ya ƙara kati na biyu don ya buga sabon wasa mai cin ma'adana da yawa, zai tarar bai matsa ko'ina ba.

Ta biyu ita ce rashin daidaiton lokaci tsakanin hotuna. Idan wasa na tafiya da hoto 60 a daƙiƙa, kamata ya yi kowane hoto ya zo bayan kimanin kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa. Amma a tsarin karɓa-karɓa, hoto ɗaya na iya zuwa bayan kashi 5, na gaba kuma sai bayan kashi 28. Ma'aunin sauri zai ci gaba da nuna kusan 60, alhali ido dogon jiran yake ji, sai wasan ya yi kama da mai tafiya da hoto 35 ko kusa da haka. Masu gwajin kayan kwamfuta sun fito da wannan matsala sarari a 2013, lokacin da suka riƙa auna tazarar kowane hoto maimakon dogaro da matsakaicin adadi. A watan Agustan wannan shekarar AMD ta fitar da sabuwar manhajar direba don daidaita tazarar. An samu sauƙi, amma matsalar ba ta kau baki ɗaya ba.

Ta uku ita ce dogaro da tallafi. Kati biyu ba sa aiki tare haka kawai a kowane wasa. Sai kamfanin katin ya tanadi saiti na musamman ga wasan a cikin manhajar direbansa. Sabon wasa na iya fitowa a shafe makonni ko watanni ba a saki saitinsa ba, ƙananan wasanni da dama kuwa ba su taɓa samu ba. A duk wannan lokaci kati na biyu na zaune yana shan wuta ba ya tsinana komai.

Misali daga kasuwar 2015

Shekarar 2015 ta ba da misali mai kyau, domin farashin ɓangarorin biyu ya kusan zama ɗaya. Katin GeForce GTX 970 ya fito a watan Satumban 2014 a kan dala 329, ke nan guda biyu sun kama dala 658. A tsakiyar 2015 kuma GTX 980 Ti ya fito a kan dala 649.

A wasannin da ke da kyakkyawan tallafin SLI, katunan 970 biyu sukan kamo 980 Ti a matsakaicin sauri, wani lokacin har su ɗan wuce shi. Wannan ne ya ja hankalin mutane da dama. To amma 980 Ti na da ma'adana gigabait 6, su kuwa biyun suna nan a gigabait 4, wanda ma 3.5 ne kaɗai daga ciki ke da cikakken sauri. Wutar da 980 Ti ke ja wat 250 ce, ta biyun a haɗe wat 290. Abu mafi muhimmanci shi ne, a duk wasan da ba shi da tallafi, mai kati biyun yakan koma ƙarfin 970 guda ɗaya, wato ya biya kuɗin kati biyu yana amfani da ɗaya. Mai 980 Ti kuwa ƙarfinsa cikakke ne a kowane wasa tun ranar da ya fito.

Shekara guda bayan haka, a 2016, GTX 1070 ya fito a kan dala 379, da ƙarfin da ya yi daidai da na 980 Ti, da ma'adana gigabait 8, yana jan wat 150 kacal. Wannan ya rushe hujjar da aka fi kafawa, wato a sayi kati ɗaya yanzu a ƙara na biyu daga baya. Kafin lokacin ƙarin ya yi, galibi sabon kati ya fito wanda shi kaɗai ya kamo tsofaffin biyu. Sayar da tsohon a cika kuɗi a sayi sabo ya fi ƙara masa ɗan'uwa.

Kuɗin da ba a faɗa a farashi

Farashin katunan ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Tsarin SLI na buƙatar babban allon kwamfuta mai lasisin Nvidia da gurabe biyu masu isasshen faɗin hanya, irin wannan allo kuma ya fi na gama-gari tsada. Ana buƙatar na'urar ba da wuta mai ƙarfi, da akwati mai faɗi da isassun fankoki. Katin da ke sama yakan shaƙi iskar zafi daga na ƙasa, idan ya yi zafi da yawa kuma sai ya rage saurinsa da kansa don kada ya lalace. Katin R9 295X2 shi kaɗai wat 500 yake ja, har sai da aka haɗa masa na'urar sanyaya ta ruwa tun daga kamfani.

Yadda kamfanonin suka janye

Janyewar ta zo daki-daki. A 2016 Nvidia ta fitar da GTX 1060 ba tare da mahaɗin SLI ba, ta kuma taƙaita tallafin wasanni a kati biyu maimakon uku ko huɗu. A 2017 AMD ta fara ajiye sunan CrossFire, katunanta na RX 5700 da suka fito a 2019 kuma ba su zo da shi ba. A jerin RTX 30 na 2020, samfurin 3090 mafi tsada ne kawai aka bar wa mahaɗi, Nvidia ta kuma sanar da cewa daga 1 ga Janairun 2021 ta daina tanadar sababbin saitunan SLI. RTX 4090 na 2022 ya fito babu mahaɗin kwata-kwata.

Dalilan sun haɗa da na fasaha da na kasuwa. Wasannin zamani kan yi amfani da bayanan hoton da ya gabata wajen gyara wanda ke biye, don goge kaifin gefuna da kyautata haske. Idan hoton baya yana hannun ɗayan katin, dole a jira a turo shi, ribar karɓa-karɓa kuma sai ta zube. Bayan haka, tsarin DirectX 12 da Microsoft ta fitar a 2015 ya ɗora nauyin raba aikin a kan masu ƙirƙirar wasa. Kaɗan daga cikinsu sun gwada, kamar a Ashes of the Singularity da Rise of the Tomb Raider, amma yawancinsu ba su ga dalilin kashe kuɗi da lokaci saboda 'yan tsirarun masu kati biyu ba. Kamfanonin sun koma neman sauri ta wata hanya: DLSS na Nvidia da FSR na AMD, waɗanda ke zana hoto ƙarami sannan su faɗaɗa shi da dabara, duk a kati ɗaya.

Inda kati biyu ke da amfani har yanzu

A wajen wasa labarin daban ne. Manhajar Blender ta zanen siffofi masu kauri na iya raba aikin fitar da hoto tsakanin katuna da yawa, kuma ribar kan kusanci ninki, domin babu ruwan aikin da daidaiton tazara. Haka nan masu horar da ƙirƙirarriyar basira da wasu masu tace bidiyo suna cin moriyar kati fiye da ɗaya. Wanda sana'arsa ke nan yana da hujjar saye. Ko shi ma idan ya buɗe sabon wasa, kati ɗaya ne zai yi aikin.

Abin lura ga mai saye a nan gida

Da yawa daga cikin katunan da ke shigowa kasuwanni irin su Computer Village ta Ikeja da shagunan Kano da Abuja na hannu ne, a cikinsu kuma akwai waɗanda suka fito a zamanin SLI da CrossFire. Arahar guda biyu na iya jan hankali, amma wasannin da aka fitar a 'yan shekarun nan kusan duka ba za su taɓa na biyun ba. Ga kuma batun wuta: wanda ke dogaro da janareta ko batirin sola, kowane ƙarin wat fetur ne ko caji. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a garuruwan arewa, kati biyu a akwati ɗaya cikin ɗakin da babu na'urar sanyaya iska sukan rage sauri da kansu.

Abin da ya fi dacewa shi ne a tattara kuɗin a kan kati ɗaya mafi ƙarfi da aljihu zai iya ɗauka. A duba girman ma'adanarsa, domin gigabait 8 ne mafi ƙarancin abin da manyan wasannin yanzu suka saba nema. A tabbatar kamfanin bai daina fitar masa da manhajar direba ba, a kuma auna wutar da yake ja da ƙarfin na'urar ba da wuta da ke cikin kwamfutar. Idan katin na hannu ne, a sa mai shago ya kunna wasa mai nauyi da shi na tsawon lokaci a gaban mai saye, a lura da zafinsa da ƙarar fankokinsa kafin a biya.