Daga Duwatsun Sinkat Zuwa Tsibirin Sawakin: Zangon Ƙarshe na Alhazan Ƙasa

Gabatarwa

Dattawan da suka yi aikin Hajji ta ƙasa, ko suka ji labarinsa daga bakin iyayensu, ba za su rasa sanin sunan Sawakin ba. A nan ne tafiyar ƙafa da ta raƙumi take ƙarewa, ta ruwa kuma ta fara. Wannan maƙala za ta bi hanyar da ta gangaro daga duwatsun gabashin Sudan zuwa bakin Bahar Maliya, sa'an nan ta shiga cikin tsohon birnin, domin a ga yadda hanya ta raya gari, da yadda ya durƙushe sa'ad da hanyar ta kauce masa. Tarihin Sawakin da na mashigin dutsen da ke bayanta abu ɗaya ne, ba a fahimtar ɗaya sai da ɗaya.

Duwatsun da suka tsare hanya

Tsakanin kogin Nilu da Bahar Maliya akwai hamada, bayan hamadar kuma akwai jerin duwatsu da suka miƙa daga ƙasar Masar har zuwa Iritiriya. Duk wanda ya nufi teku daga cikin ƙasar Sudan tilas ya ratsa su. Mazaunansu su ne Beja, makiyayan raƙuma da awaki, waɗanda ke da harshensu na kansu, kuma Hadandawa na daga cikin manyan rassansu. Su ne suka san rijiyoyi da mashigai, saboda haka ayari ba ya wucewa sai da ja-gorancinsu da raƙumansu na haya.

A zamanin fatauci, babbar hanya ita ce wadda ta tashi daga garin Barbar a bakin Nilu zuwa Sawakin, tafiyar kimanin kilomita 400, wadda raƙumi ke yi cikin mako biyu ko ƙasa da haka. Wata hanyar kuma takan fito daga Sannar ko Shandi ta biyo ta ƙasar Taka, wato yankin Kasala. Ta waɗannan hanyoyi ake kai ƙaro da hauren giwa da gashin jimina da dawa da zinariya da bayi zuwa gaɓa, a komo da tufafi da turare da kayan yaji na Indiya da Hijaz.

Hanyar mota mai kwalta daga Hartum, wadda ta zagaya ta Madani da Gadarif da Kasala, tsawonta kimanin kilomita 1,200, an kammala ta a shekarar 1980. Daga baya aka gina wata da ta fi ta kusa, ta Atbara. Dukkansu biyu suna haɗuwa a Hayya, su hau zuwa Sinkat.

Sinkat da gangarar Akaba

Sinkat gari ne a kan tudu, tsayinsa daga teku ya kusa mita 900, don haka attajiran Sawakin suka mayar da shi wurin gudun zafi. A nan ne hubbaren Sharifa Maryam ta gidan Mirgani yake, inda mabiya ɗariƙar Hatmiyya kan taru kowace shekara. Gabas da shi akwai Arkawit, wadda ta fi shi tsayi da sanyi. Yanayin wannan yanki ya saba da namu, domin gefen duwatsun da ke fuskantar teku yakan sami ruwan sama da hazo ne a lokacin hunturu, daidai lokacin da ƙasar Hausa ke cikin rani.

Daga Sinkat hanya takan shiga wurin da mutanen ƙasar ke kira Akaba, wato mashigin dutse mai wuyar bi. Kwalta ta yi ta murɗawa tsakanin baƙaƙen duwatsu da busassun ƙoramu, manyan motocin da suka ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa suna hawa da kyar, masu gangarawa kuma suna tafe a kan birki. Cikin kimanin kilomita 60 matafiyi zai sauka daga sanyin tudu zuwa zafi da gumin gaɓa. Idan duwatsun suka buɗe, sai fili ya bayyana, can gaba kuma ga shuɗin teku. Alhajin da ya bar Kano ko Kukawa shekara biyu ko biyar da suka wuce, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi na Cadi ko Nilu ba, a irin wannan wuri yake fara sanin cewa saura tsallake ɗaya tsakaninsa da Jidda.

Waɗannan duwatsu sun ga yaƙi. A shekarar 1883 Usman Digna, ɗan gidan fatake a Sawakin, ya yi wa Mahadin Sudan mubaya'a, ya komo ya tara Hadandawa da goyon bayan shehunan Majazib. Ya kewaye Sinkat har yunwa ta ci ƙarfin sojojin Masar da ke ciki, suka fito tare da shugabansu Taufik Bey a watan Fabrairu na 1884, aka hallaka su a hanya. A watan Maris na wannan shekara, a yaƙin Tamai, mayaƙansa masu takubba da masu suka keta sahun sojojin Ingila kafin a rinjaye su. A 1885 Turawa suka fara shimfiɗa layin dogo daga Sawakin da nufin kai shi Barbar, amma bai wuce kimanin kilomita 30 ba suka watsar da aikin. Ko da yake Usman Digna bai taɓa cin Sawakin ba, toshe mashigan da ya yi na fiye da shekara goma ya karya cinikin birnin. An kama shi a 1900, ya rasu a tsare a Wadi Halfa a 1926, daga baya aka mayar da gawarsa Arkawit, inda kabarinsa yake.

Asalin birnin da bunƙasarsa

Sawakin tana ƙarshen wata siririyar mashigar ruwa da ta kutso daga teku cikin ƙasa, ta buɗe ta zama tafki, a tsakiyarsa kuma ga ɗan tsibiri mai siffar faifai wanda ake iya zagaye shi da ƙafa cikin ƙasa da sa'a guda. A kan wannan tsibiri aka gina ainihin birnin. Unguwannin da ke kan tudu a gefensa ana kiransu Gef. Mutanen garin na da hikayar cewa a nan Annabi Sulaiman ya ɗaure aljannu, kuma daga nan sunan ya samo asali. Masana tarihi sun ɗauki wannan a matsayin hikaya kawai.

Marubutan Larabawa sun ambaci Sawakin tun ƙarni na 10 Miladiyya. Ibn Batuta ya sauka a cikinta wajen shekarar 1330, ya ce tsibiri ne da babu ruwan sha, babu shuka, babu itace, da kwale-kwale ake kawo ruwa, sarkinsa kuma wani Sharifi ne ɗan Sarkin Makka. Da tashar Aizab da ke arewa ta mutu a ƙarni na 15, sai Sawakin ta gaje ta, ta zama babbar ƙofar wannan gaɓa. Bayan Turkawa sun ci Masar a 1517 ta shiga hannunsu, kuma a 1555 suka mayar da ita mazaunin lardinsu na Habash. Wani hafsan jiragen ruwan Fotugal mai suna Juwan da Kastaro, wanda ya gan ta a 1541, ya kwatanta ta da Lisbon saboda yawan jirage da ciniki.

Amma arzikinta bai zauna wuri ɗaya ba. Baturen Suwizalan Burkat, wanda ya biyo ayari daga Shandi a 1814, ya tarar da gidaje kimanin 600 a tsibirin, kashi biyu cikin uku sun zama kango. Shi ne kuma ya ba da labarin Takari, wato alhazan yamma daga Darfur da Bagarmi da Barno, masu tafiya a ƙasa da allo da gora, suna neman guzuri da rubutu da aikin ƙarfi.

Farfaɗowa ta zo ne bayan Sarkin Masar Isma'il ya karɓi birnin daga hannun Turkawa a 1865, aka kuma buɗe mashigin Suwes a 1869. Jiragen Turai suka fara tsayawa, aka fara noman auduga a Tokar, fatake daga Jidda da Halramaut da Indiya da Girka suka zauna. Yawancin manyan gidajen da ake ganin kufansu na wannan zamani ne.

Abin da mai ziyara zai gani

Wanda ya gangaro daga Akaba zai fara cin karo da Ƙofar Kicina, ragowar ganuwar da aka kewaye Gef da ita a 1886 don tsoron mayaƙan Mahadi, lokacin da Kicina yake gwamnan gaɓar. A cikin Gef akwai kufan babban masaukin fatake na attajiri Shinnawi. Daga nan sai hanyar da aka cike a kan ruwa a 1877, zamanin Godon, wadda ta haɗa tsibirin da tudu, da ƙofar da ake kira da sunansa.

A cikin tsibirin akwai masallatai biyu masu hasumiya, na Hanafiyya da na Shafi'iyya, da gidan gwamna, da gidan kwastan, da gidan Hurshid a bakin ruwa. Sauran kuwa tarin fararen duwatsu ne, da ɓangarorin bango, da kyanwoyi masu yawa waɗanda mutanen garin ke alaƙanta su da hikayar aljannu.

An gina gidajen ne da dutsen murjani, wanda ake saro shi daga ƙarƙashin teku, a jera shi da katako a tsakani, a shafe da farar ƙasa. Wasu hawa biyu ne, wasu uku. Ƙasa ta baƙi ce da kayan ciniki, sama ta iyali. Adonsu shi ne tagogin katako masu sassaƙa da suka turo waje, waɗanda ake kira roshan, irin na tsohuwar Jidda, masu shigo da iska su tare rana da idon mai wucewa. Wani malamin zane, Jan Piya Girinlo, ya auna gidajen ya zana su tun suna tsaye, littafinsa ya fito a 1976, kuma da shi ake sanin kamannin da yawa daga cikinsu.

Dalilin durƙushewa

Mashigar ruwan da ta tsare Sawakin daga iska da abokan gaba ita ce ta zame mata cikas. Ta yi wa manyan jiragen tururi ƙunci, ga murjani a gefe da gefe. Saboda haka gwamnatin Ingila da Masar ta zaɓi wani wuri mai suna Marsa Shaihu Bargut, kimanin kilomita 60 a arewa, ta gina sabuwar tasha. Layin dogo daga Atbara ya ratsa duwatsun ta Sinkat aka buɗe shi a 1906, aka kuma yi bikin buɗe Fot Sudan a 1909. Jirgin ƙasa ya kashe ayarin raƙuma, sabuwar tasha ta janye fatake da ofisoshin gwamnati.

Dutsen murjani yana shan danshi da gishiri, sai ana sabunta masa shafe a kai a kai, kamar yadda ginin ƙasa ke bukatar yaɓe kafin damina. Da masu gidaje suka ƙaura, babu mai shafe, katako ya ruɓe, benaye suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ba igwa ce ta rushe Sawakin ba.

Sawakin da alhazanmu

Abin da ya rage wa garin bayan haka shi ne alhazai. Gwamnati ta bar wurin killace su da duba lafiyarsu a can, kuma a daidai wannan lokaci ne masu zuwa daga ƙasar Hausa suka ƙaru. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira har ya kafa garin da ake kira da sunansa kusa da Sannar. Da dogo ya isa Ubayyid a 1912, sai hanya ta zama daga Barno zuwa Fot Lami, Abeshe, Janaina, Fashir, Ubayyid, sa'an nan jirgin ƙasa zuwa gaɓa. Da yawa sukan tsaya aikin auduga a Jazira, inda aka buɗe babban shirin nomanta a 1925, su tara kuɗin jirgi. Waɗanda ba su da takardu ko kuɗi sukan tsallaka a ɓoye cikin ƙananan jiragen iska, wasu kuma ba su kai ba. Waɗanda suka zauna su ne kakannin Hausawan Gadarif da Kasala da Fot Sudan. Jirgin sama daga Kano, tun daga shekarun 1950, shi ya rage wannan tafiya har ta zama labari.

Kammalawa

A 1991 aka buɗe sabuwar tasha a bakin mashigar Sawakin, aka sa mata sunan Usman Digna, domin fasinjojin Jidda da dabbobin da ake fitarwa. A 1994 Sudan ta sa tsibirin cikin wuraren da take neman a amince da su a matsayin gadon duniya. Hukumar raya ƙasashe ta Turkiyya ta gyara masallatan biyu da gidan kwastan, shugaban ƙasar kuma ya ziyarci tsibirin a Disambar 2017. Da yaƙi ya ɓarke a Hartum a Afrilun 2023, dubban mutane suka gangara ta Akaba suna neman tsira, cikinsu har da ɗaliban Nijeriya da aka kwaso daga Fot Sudan.

Malamin da zai koyar da tarihin Hajji ta ƙasa yana da abin nunawa a taswira: Kano, Kukawa, Fashir, Sannar, Sinkat, Sawakin. Dattawan da suka bi wannan hanya da ƙafarsu kuwa saura kaɗan. Ya kamata a zauna da su, a rubuta zangon da suka yi, da wanda suka binne a hanya, da dangin da suka bari a can, tun ana iya tambayarsu.