Killorglin: Garin da Ake Naɗa wa Bunsuru Sarauta

Killorglin ƙaramin gari ne a gundumar Kerry, kudu maso yammacin ƙasar Ailan. Yana kan tudu a bakin kogin Laune, dab da inda kogin ke zuba cikin teku, kuma mutanensa ba su wuce dubu biyu da 'yan kai ba. Amma duk shekara, daga 10 zuwa 12 ga watan Agusta, garin kan cika ya batse da baƙi da dawaki da shanu da 'yan tireda, saboda kasuwar Puck, ɗaya daga cikin tsofaffin kasuwannin shekara-shekara na ƙasar, wadda ake kamo bunsurun daji a naɗa shi sarkinta.

Ba kasuwa ce ta fara jawo hankalin manya zuwa wurin ba, mashigin kogi ne. Duk wanda ya riƙe shi ya riƙe ƙofar shiga yankin Iveragh mai duwatsu. Shi ya sa a ƙarni na 13 dangin FitzGerald, jikokin Normawan da suka shigo daga Wales, suka gina gidan yaƙi a nan, suna tsare iyaka tsakaninsu da dangin MacCarthy. Da aka murƙushe tawayen Desmond, wanda dangin FitzGerald suka jagoranta, a 1583, Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta Ingila ta ƙwace filayen FitzGerald ta raba wa nata, garin ya faɗa hannun wani hafsa mai suna Jenkin Conway. A 1613 Sarki James na Ɗaya ya ba gidan Conway takardar izinin cin kasuwa da karɓar kuɗin shiga. Masana da dama na ganin takardar ba ta ƙirƙiri komai ba, hatimi kawai ta buga wa taron da talakawa suka daɗe suna yi. Yau gidan yaƙin kango ne, guntun bango a bayan kantuna, kasuwar kuwa tana nan tana ci.

To, bunsurun fa daga ina? Labarin da aka fi ba baƙi shi ne, wai lokacin da sojojin Ingila ƙarƙashin Oliver Cromwell ke ratsa ƙauyuka suna kwasar ganima, sun firgita garken awaki a kan dutse, wani bunsuru ya ɓalle ya shigo gari a galabaice, mutane suka gane akwai matsala suka ɓoye dabbobinsu. Labari ne mai daɗin ji, sai dai lissafi bai goya masa baya ba: Cromwell ya sauka Ailan a 1649, shekara 36 bayan takardar Sarki James. Waɗansu kuma suna danganta al'adar da Lughnasa, bikin fara girbi na mutanen ƙasar tun kafin zuwan Kiristanci, wanda shi ma a farkon Agusta yake faɗowa. Wannan ya fi kama hankali.

Kwana uku ake yi, kowace rana da sunanta: ranar taruwa, ranar kasuwa, ranar watsewa. Kafin lokacin, masu kamu kan hau duwatsun MacGillycuddy su zaɓo bunsuru mai manyan ƙahoni. Ranar farko ake zagaya gari da shi da kaɗe-kaɗe, sannan wata yarinya 'yar firamare da aka zaɓa sarauniya ta ɗora masa kambi, a sa shi cikin keji a ja shi sama kan wani dogon dandamali a tsakiyar gari. A da, can sama yake zama har ranar ƙarshe, sannan a sauke shi a mayar da shi daji.

Sai dai ainihin abin da ya riƙe kasuwar ba kambin ba ne, ciniki ne. Ranar farko ta dawaki ce, kuma a nan ake ganin 'yan Traveller, al'ummar matafiya ta Ailan da suka shahara da sanin doki. Mai saye zai buɗe bakin doki ya duba haƙora, ya shafa ƙafafu, ya sa yaro ya ruga da shi a gabansa. Rana ta biyu kara ce, ta shanu. A tsohon salo, idan mai saye da mai sayarwa suka cije, dillali ne ke shiga tsakani, ya kamo hannun wannan ya kamo na wancan, ya raba bambancin kuɗin biyu, ya tafa hannayensu. Da an tafa, ciniki ya faɗa, babu takarda. Mai sayarwa kuma ya zaro ɗan abu daga kuɗin ya mayar wa mai saye don sa'a, kamar yadda mai awo ke ƙara gyara. Gidajen giya, su ma, doka kan ɗaga musu ƙafa su kai ƙarfe uku na dare.

Shekarar 1885 ta kawo wa garin gadar dutse a kan Laune da kuma layin dogo daga Farranfore, wanda aka zarce da shi har Valentia a 1893. Jirgin ƙasa ya riƙa kwasar shanu kai tsaye bayan ciniki. An rufe layin a 1960, amma gadarsa ta ƙarfe tana nan. A waɗannan shekarun ne kuma kasuwannin gwanjon dabbobi na ƙungiyoyin manoma suka yaɗu, suka kashe cinikin titi a yawancin garuruwan Ailan. Killorglin ta tsira da nata, kuma da wuya a ce ba albarkacin bunsurun ba ne. A 1981 Brian McCarthy ya kafa kamfanin hada-hadar kuɗi na Fexco a garin, abin da ya sa matasa da yawa suka sami aiki ba tare da sun yi ƙaura ba.

Baƙon da ya zo ba lokacin kasuwa ba zai tarar da gari shiru, masu kamun kifi a bakin kogi, motocin 'yan yawon buɗe ido na wucewa kan hanyar zagayen Kerry, da mutum-mutumin bunsuru na tagulla a bakin gada.

Annobar korona ta hana taron a 2020 da 2021. Da aka dawo a 2022, zafin rana ya tilasta aka sauke sarkin daga dandamalinsa aka kai shi inuwa, masu kare haƙƙin dabbobi suka yi ca a kan masu shirya bikin. Daga 2023 kwamitin ya sauya tsari: ana hawar da bunsurun na ɗan lokaci ranar naɗi, a sake hawar da shi ranar watsewa, sauran kwanakin kuwa yana ƙasa ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi.