Tarihin Ma'anonin Kalmar "Cima-zaune" da Koyar da Ita a Yankin Kagoro

Kalmar "cima-zaune" harɗaɗɗiya ce daga "ci", "ma" da "zaune". Ma'anarta ta asali ita ce mai cin abincin da bai yi wa gumi ba. Ta bambanta da "rago", wanda ke gudun wahala, da "malalaci", wanda ke ƙyuyar aiki, domin ita tana ɗauke da zargin cin guminsu wasu.

A Kagoro, inda Hausa ta zama harshen kasuwa da coci, musamman bayan da layin dogo ya haɗe a Kafanchan a 1927 kuma aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ma'anar ta dace da rayuwar noma: wanda ya ƙi fita gayya amma ya zo cin tuwo.

Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, guraben aiki suka ƙaranta, sai ta riƙa faɗawa kan matasa masu zaman kashe wando, alhali da yawansu aikin suka rasa. A muhawarar rabon arzikin man fetur kuwa, wadda ta yi zafi a taron ƙasa na 2005, da ita aka riƙa fassara gorin da wasu ke yi wa Arewa baki ɗaya.

Saboda haka, ya kamata manhaja ta gabatar da ma'anonin nan uku tare da tarihinsu, domin ɗalibi ya rarrabe zargin mutum ɗaya da cin mutuncin al'umma.