Mene ne ZIP, kuma yaya ake ɗaure takardu a cikinsa?

Jama'ar Sanam da ƙasar Kurfai, da ƴan uwanmu da ke Yamai, Legas, Abijan ko Libiya, yau bayaninmu a kan ZIP ne, wato ƙunshin da ake tara fayiloli da yawa a ciki su zama guda ɗaya, kamar yadda ake ɗaure damin hatsi.

Wani Ba'amurke, Phil Katz, ya fito da shi a 1989. Hanyar matsewar da aka fi amfani da ita, Deflate, tana neman abin da ya maimaitu ta rubuta shi sau ɗaya, sauran wuraren ta sa alama. In an kwance, komai zai dawo yadda yake, ko harafi ɗaya ba ya ɓata.

Masu rubuta manhaja suna iya sa kwamfuta ta yi wannan aiki da kanta. A harshen Python, os.walk ke bin jakar fayiloli ɗaya bayan ɗaya, zipfile ya matse su, io.BytesIO kuma ya riƙe ƙunshin a RAM, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi, ba tare da an ajiye shi a faifai ba. Daga nan sai a tura shi kai tsaye. Amma fa in na'ura ta mutu kafin a tura, ƙunshin ya tafi, sai a sake. In jakar ta fi ƙarfin RAM, aikin ya tsaya.

Ga abin da ya shafe mu:

Rubutu na matsuwa sosai. Hoto, waƙa da bidiyo kuwa an riga an matse su, don haka ba za su rage mana kuɗin mega ba.

WhatsApp na rage ingancin hoto. Takardar haihuwa ko katin ɗan ƙasa da aka sa a ZIP za su isa garau, hatimi na karantuwa.

Jerin abin da ke ciki a ƙarshen ƙunshin yake. In rezo ya yanke ana tsakar saukewa, galibi ba ya buɗuwa. Gara mu raba shi ƙanana.

Ko an sa lambar sirri, sunayen fayilolin suna bayyana. Kuma kada mu buɗe ZIP daga lambar da ba mu sani ba, ɓarayin intanet na ɓoye cuta a ciki.