Matan da Shafin Ta'aziyya Ya Tsallake

Birnin N'Djamena da sunan mamaci aka fara kiransa. Ranar 22 ga Afrilun 1900 aka gwabza a Kusuri, a tsallaken kogi, tsakanin rundunar Faransa da dakarun Rabe. Rabe ya kwanta dama a ranar, haka ma kwamandan Faransawan, Lamy. Bayan 'yan makonni Émile Gentil ya kafa sansani a gaɓar kogin Shari ya raɗa masa Fort-Lamy, sunan kuma ya zauna daram har 1973, lokacin da Shugaba Tombalbaye ya sauya shi. Shekara 73 ke nan, duk wanda ya rubuta adireshin garin a bayan wasiƙa, ko ya tambayi motar zuwa can a tasha, yana yi wa soja guda ɗaya ta'aziyya ba tare da ya sani ba.

A cikin shekarun nan kakanninmu suka yi ta ratsa garin. Hanyar Makka ta ƙasa daga Kano takan bi ta Maiduguri, ta tsallaka a Kusuri, ta shiga Fort-Lamy, ta nufi Abeche, daga nan sai Sudan. Wasu sun yada zango na wata guda suka wuce, wasu guzuri ya ƙare suka zauna neman na gaba, har zaman ya zama na dindindin. Wani masanin tarihi, John Works, ya wallafa littafi sukutum a kan Hausawan Chadi a 1976. Ayarin nan ba maza zalla ba ne. Akwai matan da suka taka hanyar da goyo a baya, suka haihu a zango, suka dama fura, suka toya ƙosai, da ribar tallan nan aka biya kuɗin mota zuwa gari na gaba. In aka zauna hirar kafuwar unguwannin Hausawa a irin waɗannan garuruwa, sunayen da ke fitowa su ne na sarkin Hausawa, da liman, da maigidan da ke saukar da baƙi. Matan kuwa sai dai a ce "iyayenmu mata", a dunƙule su a kalma biyu a wuce.

Wannan dunƙulewar ita ce ta biyo mu har cikin jarida. Rubutun mutuwa iri biyu ne, kuma ya kamata mu raba su. Akwai sanarwar rasuwa, wadda dangi ke kaiwa gidan rediyo ko jarida su biya a karanta. Akwai kuma tarihin mamaci, wanda edita ke yanke shawarar a rubuta domin yana ganin rayuwar ta isa jama'a su san ta. A na farko mata suna fitowa kullum, a N'Djamena ne ko a Kano ko a Maraɗi, amma mu saurari yadda suke fitowa. "Allah ya yi wa mahaifiyar Alhaji wane rasuwa. Ta rasu ta bar 'ya'ya da jikoki da dama, daga cikinsu akwai wane, darakta a ma'aikata kaza, da wane, kwamishina." Sai a gama sanarwar an lissafa muƙaman maza huɗu, ba a faɗi abu ɗaya da marigayiyar ta yi da hannunta ba, wani lokaci ko sunanta na yanka ba a ambata ba. Mutuwar tata ce, labarin na 'ya'yanta ne. A rubutu na biyu kuwa, inda ake zama a tsara haihuwar mutum da karatunsa da aikinsa da halinsa, nan ne mata ke yin ƙaranci sosai.

Ba mu kaɗai ba ne. A watan Maris na 2018 jaridar New York Times ta Amurka, wadda ke buga tarihin mamata tun 1851, ta fito ta amsa laifinta. Ta ce ko a shekaru biyun da suka gabaci lokacin, mata ba su wuce kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda ta rubuta ba. Ta buɗe shafi na musamman domin biyan bashi, ta rubuta tarihin mata irin su Ida B. Wells, 'yar jaridar da ta tona asirin kisan gillar da ake yi wa baƙar fata, wadda ta rasu tun 1931, da Charlotte Brontë, marubuciyar Ingila da ta rasu a 1855. Uzurin da editoci ke bayarwa a ko'ina ɗaya ne: shafin yana nuna duniyar da ta wuce ne, kuma a waccan duniyar maza ne ke riƙe da kujeru.

Uzurin yana da ƙamshin gaskiya, amma ya ɓoye tambayar da ta fi muhimmanci, wato wa ya ce kujera ce ma'auni. Lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, duniyar da ake ɗauka labari ita ce ta sarakuna da hakimai da alƙalai da ma'aikatan En'e. Babu mace a wannan jeri, domin ba a buɗe mata ƙofar ba. Matan Arewacin Nijeriya ba su samu damar jefa ƙuri'a ba sai a 1976. A Chadi, Bourkou Louise Kabo ce mace ta farko da ta shiga majalisar dokoki, a 1962. Idan aka hana mutum muƙami tsawon rayuwarsa, sannan ranar da ya mutu aka ce ba za a rubuta shi ba saboda bai riƙe muƙami ba, an hukunta shi sau biyu a kan abin da ba shi ya yi ba. Shi ya sa matan da jaridunmu suka yi wa adalci su ne waɗanda suka kutsa fagen da ake kallo: Hajiya Gambo Sawaba, da ta sha ɗauri saboda siyasar NEPU ta rasu a 2001, Barmani Choge, mai waƙar amada, a 2013, Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda ita kanta editar jarida ce, da ta rasu a turmutsitsin Mina a 2015. Sun cancanta, har ma an rage musu. Amma ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa, da malamar da ta koya wa matan aure karatu a tsakar gidanta shekara arba'in, ba su da layi a wannan ma'auni.

Ba za mu ɗora wa Turawa da jaridarsu kayan duka ba, akwai namu a ciki. Mu mutanen alkunya ne. Ɗa ba ya kiran sunan mahaifiyarsa, miji yakan ce "mai ɗakina" ko "uwargida", kuma fitar da sunan matar gida a bainar jama'a wasu na ganin sa kamar yaye mata mayafi. Wannan girmamawa ce, ba mu musanta ba. Sai dai girmamawar da ke aiki tsakanin masu rai, waɗanda duk sun san wadda ake nufi, ba ta aiki a takarda. Bayan shekara hamsin, jikan da ya buɗe tsohuwar jarida zai tarar da "mahaifiyar wane", ba zai tarar da kakarsa ba.

Abin mamaki shi ne muna da wani ma'aunin na gida, wanda ya girmi jarida da kusan ƙarni guda. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, ta rubuta marsiyyoyi masu yawa. Ta yi wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma da alƙalamin nan ta yi wa aminiyarta A'isha, ta yi wa Halima maƙwabciyarta, ta yi wa Hawa'u, ɗaya daga cikin jajin 'Yan Taru masu jagorantar matan ƙauye zuwa ɗaukar karatu, ta kuma yi wa Zaharatu, wadda aka sani da taimakon mata wajen haihuwa da wankan gawa. Babu mai sarauta a cikin na ƙarshen nan. Abin da Asma'u ta auna shi ne amfanin mutum ga mutane, kuma ta kira kowacce da sunanta, ba ta ga hakan ya taɓa mutuncin kowa ba. Yau sunan Zaharatu yana nan a littattafan da ake karantawa a jami'o'i, hakimai da yawa na zamaninta kuwa sun bi iska. Haka Baba ta Karo, wadda ta rasu a 1951: da Mary Smith ba ta zauna ta rubuta labarinta daga bakinta ba, littafin da ya fito a 1954, da mun rasa shaida mafi faɗi da muke da ita a kan rayuwar matan ƙasar Zazzau daga zamanin hare-haren bayi zuwa zuwan Nasara.

Mu koma N'Djamena, domin a can akwai macen da ta ɗauki aikin ta'aziyya a kanta lokacin da babu jaridar da za ta iya. Rose Lokissim ba Bahaushiya ba ce. Soja ce, ta shiga sahun masu adawa da Hissène Habré, 'yan sandan asirinsa na DDS suka kama ta a 1984, suka tsare ta a kurkukun da ake kira Les Locaux, har da watanni a ɗakin maza. A wancan zamani mace da namiji duk mutuwa suke yi ba sanarwa, ana kwasar gawawwaki zuwa Hamral-Goz a wajen gari. Kwamitin binciken da aka kafa bayan faɗuwar Habré ya ƙiyasta mutum 40,000. Rose ta riƙa rubuta sunayen waɗanda suka mutu da waɗanda aka fitar ba su dawo ba a kan guntayen takardu, tana fitar da su a ɓoye domin dangi su sani. A kan wannan aka kama ta, aka kashe ta ranar 15 ga Mayun 1986.

Shekara 15 bayan haka, a 2001, masu bincike na Human Rights Watch suka tarar da takardun DDS a warwatse a tsohuwar hedikwatar hukumar. A cikinsu akwai sunayen mutum 1,208 da suka mutu a tsare, akwai kuma rahoton tambayoyin ƙarshe da aka yi wa Rose, inda jami'an suka rubuta cewa ta gaya musu ko ta mutu tarihi zai yi maganarta. Wannan rahoto na waɗanda suka kashe ta shi ne rubutun da ya fi kusa da ta'aziyya da ta samu a zamaninta. Fim a kan rayuwarta bai fito ba sai 2015. Habré kuwa, wanda kotu a Dakar ta yanke wa ɗaurin rai da rai ranar 30 ga Mayun 2016, ya mutu ranar 24 ga Agustan 2021, kafin gari ya waye manyan jaridun Faransa da Ingila da Amurka sun buga tarihinsa tun daga haihuwarsa a Faya-Largeau.